Mai Zobe na Tafkin Thamesmead

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake riƙe tsuntsu a sararin sama ba da igiya ba, yake kuma ciyar da shi a kan ruwan da ya daskare. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'ya'yana na karatun ranar Asabar, na ji abin da kuka faɗa a bakin ƙofar masallaci ranar da aka sanar cewa na ajiye aiki. Kun ɗauka kunnen tsoho ma ya yi ritaya. Ɗayanku ya ce, "Wai Malam fa kallon agwagi yake yi a biya shi." Wani ya amsa da Turancinku mai sauri cewa da wayarsa zai gama aikin kafin shayi ya huce. Ban ji haushi ba, domin ni ma haka na zata da farko. Amma tunda za a ɗauki sabon mutum a gurbina, kuma na ji biyu daga cikinku suna da niyyar nema, ya zama wajibi in buɗe muku tukunyar ku ga abin da ke ciki kafin ku sa hannu.

Tsofaffin takardu ne suka kawo ni London. Wata kwaleji a Bloomsbury ta ɗauke ni in taya ta karanta rubuce-rubucen ajami da na Larabci da aka kwaso daga ƙasarmu tun zamanin kakanni, in kuma zauna da ɗalibai Turawa su gyara Hausarsu a bakina. Da wa'adin aikin ya cika, iyali sun riga sun yi saiwa, yara suna makaranta, sai muka koma Thamesmead inda haya ta fi sauƙi. Aikin da Allah ya hore shi ne na mai kula da bakin tafki. Aka ba ni kwat mai ruwan ɗorawa wadda ake hangowa daga nesa, da takalman roba, da sandar tsintar shara mai baki kamar na ƙaguwa. Kawar da ƙazanta daga hanyar mutane ibada ce, ga kuma albashi a kai, sai na gode wa Allah na kama.

A hunturuna na farko aka haɗa ni da wani dattijo Bature mai suna Colin. Ya yi ƙuruciyarsa a kan jiragen ruwan dakon kaya a kogin Thames, ya tsufa yana ƙidayar tsuntsayen tafkinmu da zagayawa da baƙi masu son ganinsu. Ni ina ce masa Malam Colin, domin wanda ya koya maka ko da harafi ɗaya ne malaminka ne. Shi kuma da ya ji labarin Bloomsbury sai ya laƙaba mini Farfesa.

Safiyar farko ya tsayar da ni gaban shingen ƙarfen da ke bakin ruwa, inda wasu fararen tsuntsaye suka jeru kamar sahun Idi. Turawa suna kiran su gull. Mu ba mu da teku balle mu raɗa musu suna, shi ya sa mutanenmu na nan suke ce musu tantabarar teku, ni ma haka zan kira su.

Ya ce, "Farfesa, iri nawa ka gani?"

Na ce, "Iri ɗaya. Farare ne, masu yawan surutu."

Ya cire madubin hangen nesa daga wuyansa ya rataya mini. "Manta da gashin. Dubi ƙafa."

Na duba, sai sahun nan ya rabu a idona. Ƙananan da suka fi yawa ƙafarsu ja ce, bakinsu ja, da ɗigon baƙi a bayan ido kamar an ɗiga musu tawada. Can gefe ga wasu da suka ɗan fi su girma, ƙafarsu tsakanin rawaya da kore, fuskarsu da taushi kamar ta mai jin kunya. Ga ƙatti masu bayan toka da ƙafa mai launin nama, kallonsu kallon mai karɓar haraji. Ga kuma wasu masu bayan da ya fi duhu da ƙafa rawaya shar. Iri huɗu a shinge ɗaya, ni kuwa na ce ɗaya. Na tuna yadda nake rarrabe hannun marubucin Kano da na Borno ta lanƙwasar harafi guda, alhali ɗalibaina suna ganin duk tawada ce a kan takarda. A ranar na koma ɗalibi.

Wahalar tana ga 'ya'yan manyan. Ƙaton tantabarar teku yana ɗaukar shekaru kafin ya sa farar rigar manya. Kafin nan launin ƙasa ne mai dabbare-dabbare, kuma ɗan wannan iri yana kama da ɗan wancan kamar tagwaye. Wata rana na nuna ɗaya na faɗi sunansa da ƙarfin gwiwa. Malam Colin ya ce, "Me ka gani?" Na ce jikina ne ya ba ni. Ya ce jiki ba ya ba da shaida a wannan aikin. In ban ga ƙafa ba, ban ga baki ba, ban ga zanen fiffike a buɗe ba, to in ce ban sani ba in wuce. Na gaya masa cewa malamanmu na zaure sun riga shi: mai fatawar da ba ya iya cewa bai sani ba, ba a zama a gabansa. Na kuma ba shi labarin ganin wata, yadda ba a ɗaukar azumi a kan zato, sai adilai sun tsaya sun ce mun gani da idonmu. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Tun daga nan duk lokacin da na kira sunan tsuntsu sai ya ɗaga gira ya ce, "Ka ga ƙafar?" Wannan tambayar ita ce rabin sana'ar. Wayarku za ta ba ku suna a kan kowane hoto, ko da hoton leda ce iska ta hura, domin ba a koya mata jin kunya ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da haƙƙinsa. Akwai ƙaramin madubi na wuya, akwai babba mai ƙafa uku wanda ake kafawa don karanta abin da ke nesa. Ba a goge gilashinsa da bakin riga, kuma ba a numfashi kusa da shi in ana sanyi, domin zai yi hazo daidai lokacin da tsuntsun ya juyo. Safa biyu a kowace ƙafa. Safar hannu mai yankakkun yatsu. Fulas na shayi mai citta, wanda Malam Colin ya fara yi wa kallon tuhuma, ya ƙare yana zuwa da nasa kofin. Ni na ƙara da 'yar dardumar roba, domin ranar hunturu a ƙasar nan gajera ce, Azahar da La'asar suna tafe kamar maƙwabta. Ina salla a bayan dogayen ciyayin nan masu kama da kacalar fadamar Haɗeja, shi kuma yana tsaye yana tsare mini garken da ido har in sallame.

Ƙidayar agwagi masu nutso aiki ne da yake gwada haƙuri. Ka kafa madubi ka fara daga hagu, kana zuwa tsakiya rabinsu su nutse, su ɓullo a inda ka riga ka ƙirga. An ba ni wata 'yar na'ura da ake latsawa da babban yatsa, amma sanyi yana sa ta cije. Sai na koma ga gaɓoɓin yatsuna, yadda muke tasbihi bayan salla, hannun dama na maza, hagu na mata. Malam Colin ya kalli yatsuna suna tafiya ido na kan madubi, ya ce wannan na'urar ba ta buƙatar mai. A cikin agwagin akwai mai tukku, namijinsa baƙi ne da farin gefe da tukku a ƙeya kamar yaron da aka yi wa aski. Mai jan kai yini yake yana barci a tsakiyar ruwa, ya cusa baki a baya. Mai bakin ludayi kuwa su biyu suke haɗuwa suna juyi a wuri ɗaya kamar masu dama kunu, suna tace abin da ya taso. Matan duka launin ƙasa ne, a nan ake gane wanda ya iya. Akwai wata agwagwa mai ruwan toka, kamila a ido, wadda sana'arta ita ce ta jira baƙar kazar ruwa mai farin goshi ta nutse ta ɗebo ciyawa, sai ta fizge ta yi gaba. Na sha nuna wa baƙi ita in ce kada kamala ta rufe musu ido.

Baƙi kuwa iri-iri ne. Akwai tsofaffin Turawa masu kyamarar da ta fi hannuna tsawo, waɗanda suke son a nuna musu abin da maƙwabcinsu bai gani ba. Akwai 'yan makaranta da ba abin da ke burge su sai faɗan kajin ruwa. Akwai kuma namu. Wani likita ɗan Zariya ya taɓa yin booking, wato kama gurbin zagaye, shi da iyalinsa, na zagaya da su ina bayani, yana gyaɗa kai kamar yana fahimta. Da muka zo kan dinyar Masar, mai zobe mai duhu a kewayen ido, sai ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wannan ba ta da mai ita?" Na ce tana da shi, kuma yana da 'yan sanda. Matarsa ta ce, "Ka ji ko? Tun a mota yake maganar farfesu."

Amma wadda ta fi kowa koya mini aikin bayan Malam Colin ba ta taɓa yin booking ba. Hajiya Dije ce, matar marigayi Alhaji Sule direban bas, wadda kuka sani da rabon alewa ranar Salla. Mijinta ya saba kowace Juma'a da hantsi ya zauna a bencin da ke kusa da shingen ya watsa wa tsuntsaye ragowar burodin gida, domin a wurinmu zubar da abinci a shara abin tsoro ne, kuma ciyar da kowane mai rai sadaka ce. Da ya rasu aka binne shi a nan London, sai ta ɗauki al'adar, ta yi niyyar ladan ya isa gare shi. Ba ruwanta da ruwan sama ko ƙanƙara. Za ka hango ta da baƙar kwat a kan atamfa, da ledarta, tsuntsaye sun yi mata rumfa.

A cikin masu jan ƙafa akwai ɗaya mai farin zobe a ƙafar hagu. Masu binciken tsuntsaye ne suke sa irin wannan zoben, da haruffa a jiki, domin a san inda tsuntsu ya je. Na karanta haruffan da babban madubi, Malam Colin ya aika wa masu binciken, aka amsa mana cewa an sa masa shi ne a wata ƙasa can gaɓar tekun Baltik. Kowane hunturu yana ƙetaro ƙasashe ya sauka a shingenmu. Hajiya ta sa masa suna Mai Zobe. Ba ya shiga turmutsutsu a ƙasa. Yana tsayawa gefe ya karkata kai, sai ta cilla masa sama ya cafe. Ta ce tun Alhaji yana da rai yake zuwa, kuma halinsu ɗaya, ba sa wawaso.

Wata Juma'a a ƙarshen sanyi ta tare ni da ƙara. "Malam, ku da kuke da hukuma a nan, ba za ku yi maganin waɗannan baƙaƙen kan ba? Duk shekara war haka sai su zo su kore mini fararen nawa. Har Mai Zobe ban gan shi ba yau."

Na kafa madubi a kan wani mai kai launin gasasshen kofi, na sauke shi daidai tsayinta, na ce ta dubi ƙafa. Ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Ta ɗago ta dube ni, ta sake leƙawa.

"La ilaha illallahu! Wa ya ba wannan zoben Mai Zobe?"

Na ce, "Shi ne da kansa, Hajiya. Ɗigon nan na bayan ido shi yake yaɗuwa ya rufe kai in lokacin komawa gida ya yi. Can zai je ya yi aure."

Ta riƙe haɓa. "Ashe hula ya sa! Haka Alhaji yake, shekara guda yana yawo da kai a buɗe kamar Bature, ranar tafiya Kano sai ka ga an fito da zanna bukar. Ni kuwa shekara da shekaru ina zagin bawan Allah ina ce masa baƙo." Ta yi ta dariya har tana share ido da bakin mayafi.

Sai shekarar murar tsuntsaye ta zo. Lokacin Malam Colin ya riga ya ajiye aiki ya koma wurin 'yarsa a bakin teku, ragamar tana hannuna. Na fara ganewa ne da wata safiya da na ga ɗaya daga cikin manyan fararen nan masu dogon wuya, waɗanda ake kira swan, tana juyi a ruwa ita kaɗai, wuyanta yana karkacewa kamar ba nata ba. Kafin mako ya zagayo muna tsamo gawa a cikin ciyayi. Aka kawo mana fararen riguna masu rufe jiki duka, da takunkumi, da safar hannu biyu-biyu. Kowace gawa a sa ta a leda, a sa ledar a wata ledar, a wanke takalmi da magani kafin a taka hanya. Aka dakatar da zagayen baƙi. Aka kuma ba ni alluna in kafa, masu cewa kada a taɓa tsuntsu, kada a ciyar, domin abinci yana tara su baki da baki, nan cutar take samun hanya.

Na kafa allunan ina sane da cewa akwai mutum ɗaya da allo ba zai tsayar ba. Juma'a da hantsi sai ga ta da ledarta.

Na gaishe ta, na tambayi yara da jikoki, sa'an nan na faɗa mata. Ta saurara har na gama.

"Malam Ilyasu," in ji ta, kuma ba ta kiran sunana sai magana ta yi nauyi, "kai ne kake karantar da mu cewa sadaka tana isa ga mamaci. Yau kuma kai ne za ka tsaya tsakanina da ita saboda council, hukumar unguwa, ta ba ka kwat?"

Na ce, "Hajiya, ƙa'ida ce a wurin malamai, kore cuta yana gaba da jawo amfani."

"Ƙa'ida! Yunwa ba cuta ba ce? Dubi sanyin nan. Mai Zobe ya taso tun daga ƙarshen duniya ya zo wurina, in ce masa me? In ce Malam ya hana?"

Na ga hujja ba za ta ci ba, ba don ba ta da ƙarfi ba, sai don Hajiya tana jin maganata ne, ba ta ga abin da na gani ba. Tsuntsayen kuwa sun riga sun gane ledar, sun fara taruwa a gaban benci tun ba ta kwance ta ba. Na roƙe ta mu ja da baya zuwa kan 'yar gada, na kafa madubi, na sauke mata shi.

"Faɗa mini abin da kika gani, ni ba zan ce komai ba."

Ta leƙa. "Ga su nan sun cika wurin, suna jirana. Ga Mai Zobe a gefe." Ta ƙara matsa ido. "Wannan dinyar da ke kusa da shi, me ya sami idonta? Me ya sa take rawar kai haka?"

Na bar ta ta ci gaba da kallo.

"Tana sa baki a inda yake sha," in ji ta a hankali. "Malam, kore shi mana! Kai, tashi daga nan!" Ta ɗaga hannu tana kora daga nesa, kamar zai ji ta.

Na ce, "Ledar ce ta tara su, Hajiya. In ba ta zo ba, kowa zai watse ya nemi nasa a faɗin ruwa da filayen ƙwallo. Ba zai mutu da yunwa ba, tsutsa ta ishe shi."

Ta daɗe tana kallon ledar. Sa'an nan ta ƙulle bakinta ƙulli biyu. Ta ce, "Na bari. Hannuna ba zai sake cillawa ba sai cutar ta wuce Mai Zobe ya dawo lafiya. Amma amanarsa tana wuyanka, tunda kai ka raba mu."

Na ce rai a hannun Allah yake. Ta ce ta sani, amma Allah ya ba ni madubi.

Juma'ar da ta biyo ta dawo da leda. Na zata ta karya alkawari, sai na ga ta wuce benci ta nufo rumfarmu ta ma'aikata. Ƙosai ne da zafinsa, da burodi sabo, na ma'aikatan da muke kwasar gawa tare. Ta ce sadakar Alhaji ba za ta yanke ba, in masu fiffike sun gagara to masu takalmin roba ma bayin Allah ne. Akwai wani abokin aikinmu ɗan Poland da har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar Mama Ƙosai. Ta kuma bi matan unguwa gida-gida tana hana su ciyar da tsuntsaye, abin da allunana suka kasa ta yi shi da bakinta. Bencin ya zama fayau.

Mai Zobe kuwa ya ɓace tun sanyi bai ƙare ba, tun bai sa hularsa ba. Duk gawar da muka tsamo mai jan ƙafa sai na duba hagunta kafin in ƙulle leda. Ban gan shi ba. Kowace Juma'a Hajiya za ta tambaye ni, ni kuma in ba ta amsar da aka koya mini: ban sani ba. Ta ce, "Wannan karatun naka bai da daɗin ji." Bazara ta zo, labari ya iso mana cewa cutar ta yi ɓarna a wuraren da irinsa suke ƙyanƙyasa. Ban ɓoye mata ba.

Da sanyi ya sake shigowa aka ce mu cire allunan. Masu jan ƙafa suka dawo, amma sahun shingen ya yi giɓi. Hajiya tana zuwa ta zauna a benci, jakarta a cinya, ba ta cilla komai. Ni kuma in bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya da babban madubi. Watan farko babu, na biyu babu. Har kawunan wasu suka fara yin duhu.

Wata Juma'a, ana iska mai yanka kunne, ina naɗe ƙafafun madubi domin in je in yi shirin masallaci, sai ta kira ni ba tare da ta juyo ba.

"Malam, zo. Ga shi can."

Can bayan garken, shi kaɗai a kan ruwa, wani ne mai rabin hula, ya karkata kai yana kallon benci. Na sake kafa madubi. Girman daidai, bakin daidai, amma haka dubunsu suke. Ƙafafun suna cikin ruwa.

Na ce, "Ban ga ƙafar ba."

"Ni na san shi. Dubi yadda yake kallona."

"Na yarda kin san shi, Hajiya. Amma amana kika ba ni, ba zan sauke ta da zato ba."

Muka jira ya hau shinge, ya ƙi. Muka jira ya yi susa ya ɗaga ƙafa, ya ƙi. Masu tafiya masallaci suka fara wucewa ta kan gada suna ɗaga mini hannu, wani ya nuna mini agogonsa. Sai na ga Hajiya ta buɗe jaka ta fito da guntun burodi ɗaya naɗe a takarda. Ashe tun farkon sanyi kowace Juma'a da shi take zuwa, ta koma da shi.

Ta ce, "In na cilla, ya zamana ba shi ba ne, akwai kaffara a kaina?"

"Kin ambaci sunan Allah ranar da kika faɗa?"

"A zuci."

"Ta zuci ba ta da kaffara. Cilla, Hajiya, amma ki cilla sama sosai, ki ba ni lokaci."

Na ajiye babban madubi na ɗauki na wuya. Ta miƙe, ta yi bisimilla, ta wurga da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Garken gaba ɗaya ya ruɗe da kuka, amma na bayan nan ya riga su tashi. Ya zo sama da kanmu, ya tsaya cak a kan iska, ya saki ƙafafunsa ƙasa yadda suke yi in za su cafe. Ja biyu, da farin zobe a hagu. Ya cafe, ya zagaya, ya sauka a ƙarshen shinge kamar jiya ya bar shi. Na juya babban madubi na karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan na sauke mata ta leƙa.

Na ce, "Na shaida."

Ta ce, "Ni ma na shaida." Ta goge fuska, ta dubi tsuntsun ta ce, "Ja'iri, ina ka shiga? Ka bar tsohuwa tana soya wa ƙattin maza ƙosai." Ta juyo gare ni. "Ka sauke amanarka. Yi sauri kada ka rasa huɗuba, ka ce ni na tsare ka."

Na samu huɗubar, ko da yake a sahun takalma na zauna, da takalman robana a ƙafa har bakin ƙofa. Da yamma na kira Malam Colin. Ban gama faɗin cewa Mai Zobe ya dawo ba ya katse ni da tsohuwar muryarsa: "Ka ga ƙafar?" Na ce na gani, kuma mu biyu ne. Ya ce to ya karɓa.

Wannan shi ne aikin da kuke cewa kallon agwagi ne. Wanda yake so a cikinku ya same ni a bencin nan ranar Juma'a da hantsi, ya sa safa biyu, ya bar wayarsa a aljihu. Hajiya Dije za ta kasance a wurin, yanzu hatsi take watsa wa agwagi, burodin guntu ɗaya ne kuma kun san mai shi. Ita za ta fara yi muku jarrabawa, ni nawa shaida ne kawai. Allah ya ba mu idon da yake gani da harshen da yake tsayawa inda ido ya tsaya, ya jiƙan Alhaji Sule, ya kai masa ladan.